KYAN TAFIYA DAWOWA: MA'AIKATANMU DA AKA BA DA ARO SUN FARA KOMOWA, MI ZA MU YI DA SU?

Rubutun yau yana da tsawo, wanda ke sauri ya aje shi sai ya natsu.

Tun ranar 20 ga Janairun 2025, da shugaban Amurka Donald Trump ya dakatar da tallafin da ƙasarshi ke ba ƙasashen waje, ya kuma ba da umarnin ficewa daga Hukumar Lafiya ta Duniya, WHO, ake ta lissafin abin da za mu rasa: magani, abincin tamowa, kuɗin rigakafi. Kuma an rasa ɗin. Hukumar USAID an rufe ta a farkon Yulin 2025. WHO ta zaftare kasafinta na 2026 zuwa 2027 daga dala biliyan 5.3 zuwa 4.2. Ofishin jinƙai na Majalisar Ɗinkin Duniya, OCHA, ya ce zai rage kashi 20 cikin ɗari na ma'aikatanshi, kuma Najeriya na cikin ƙasashen da ya ce zai rage aiki.

Amma akwai gefe guda da ban ji ana magana a kanshi ba. Idan kwantiragi ya ƙare ba a sabunta ba, mutumin da ke riƙe da shi ina yake zuwa? Da yawa daga cikin waɗanda kuke gani cikin fararen motocin ƙungiyoyin nan, asalinsu ma'aikatan gwamnati ne. Malaman asibiti ne, ungozomomi, malaman makaranta, malaman gona, injiniyoyin ruwa. Aron su aka yi. Yanzu mai aro ya ce ya gode, ga su nan suna dawowa ɗaya bayan ɗaya, da takardar komawa aiki a hannu. A kansu nake son mu yi magana, musamman mu mutanen Batsari da Safana, don mu ne muka fi kowa biyan kuɗin tafiyarsu, ya kamata mu fi kowa cin ribar dawowarsu.

MINENE ARON MA'AIKACI?

Abin da 'yan boko ke kira sakondimen ke nan. A dokokin aikin gwamnatin tarayya, bugun 2008 wanda yawancinmu muka yi aiki da shi, ma'anarshi a saki ma'aikaci na wani ƙayyadadden lokaci ya je ya yi wa wata gwamnati aiki, ko wata hukuma da aka amince da ita, ko ƙungiyar ƙasa da ƙasa. Iri biyu ne. In kai ka nema da kanka, shekara 2 ake ba ka da farko. In sun cika, ko dai ka nemi ƙari, ko ka nemi a mai da kai can gaba ɗaya, ko ka dawo kujerarka, kuma jimilla kada ta wuce shekara 4. In kuwa gwamnati ce ta ga maslahar jama'a ta tura ka, to ba a sa iyaka ba, kujerarka na nan, ƙarin girmanka na tafiya. Albashi kuma wanda ya are ka shi ke biya. Jihohi na da nasu dokokin, amma galibi daga tushe ɗaya aka ɗebo su.

Ku lura da kalmar: aro. Ba kyauta ba ce, ba sayarwa ba ce. Wanda ya ari garma ya san ranar mayarwa. Kuma hikimar da ta sa gwamnati ta yarda da tsarin ita ce mutum ya je ya ga yadda wasu ke aiki, ya dawo da abin da ya gano. Ribar aron ke nan.

A can sama wannan ƙofar tana buɗewa gaba da baya ba tare da ƙara ba. Marigayi Rilwanu Lukman, mutumin Zariya, ya yi ministan man fetur, ya je ya riƙe babban sakataren OPEC daga 1995 zuwa 2000, ya dawo aka sake ba shi ministan mai a 2008. Ngozi Okonjo-Iweala ta baro Bankin Duniya ta yi ministar kuɗi a 2003, ta koma bankin a 2007, ta sake dawowa a 2011, yanzu tun 2021 tana shugabancin Ƙungiyar Kasuwanci ta Duniya. Amina Mohammed ta yi wa gwamnatin tarayya aiki a kan muradun ƙarni, ta tafi Majalisar Ɗinkin Duniya a 2012, ta dawo ministar muhalli a 2015, ta koma a 2017 a matsayin mataimakiyar babban sakatare. Farfesa Muhammad Ali Pate ya shugabanci hukumar lafiya matakin farko ta ƙasa daga 2008 zuwa 2011, ya yi ƙaramin minista, ya koma Bankin Duniya, a 2023 an riga an ba shi shugabancin ƙawancen rigakafi na Gavi ya ce a'a, ya dawo ya karɓi ministan lafiya.

Na sani, yawancin waɗannan muƙaman siyasa ne, ba ta dokar aro suka bi ba. Amma abin dubawa shi ne, duk wanda ya dawo cikinsu an tarbe shi da aikin da ya dace da abin da ya koyo. Ba wanda aka ce ma shi ya je ya zauna a benci har a gano fayil ɗinshi.

TO MU SAUKO ƘASA

A nan wajenmu, bakin dajin Rugu, wa ake ara? Ba a aron rago. Ƙungiya in ta zo neman ma'aikaci, wanda ya fi kowa take ɗauka: wanda ya iya rubuta rahoto, ya iya tuƙa babur cikin yashi da laka, ya san kowane mai unguwa da kowane arɗo da suna, ya san wace hanya ke yankewa in damina ta zauna. Wannan mutumin da kuɗin talakan jiha aka koyar da shi a Kankia ko Daura ko Malumfashi. Shekara goma yana gogewa a ƙauye, mata sun saba da shi, sun yarda su miƙa mashi jariri. Ran da ya nuna, sai a ɗauke.

Ga inda gizo ke saƙar: sunanshi bai fita daga jerin ma'aikata ba. A takarda kujerarshi ba ta zama fanko ba, don haka ba a ɗaukar wani a madadinshi. A ƙasa kuwa, asibitin ƙauyen da ke da ma'aikata biyu ya koma mutum ɗaya da 'yan sa-kai. Ran da ɗayan ya tafi karɓo magani ko ya kwanta ciwo, sai kwaɗo a ƙofa. Mace mai naƙuda ba ta san wata doka ta shekara 2 ko 4 ba. Abin da ta sani, malam ya tafi.

Abin dariya da ban haushi, sau da yawa mutumin ba nisa ya yi ba. Ƙungiyar da ta are shi sai ta ba shi aikin duba asibitocin yankin da ya baro. Sai ka gan shi ya sauko daga Hilux da takardar tambayoyi a hannu, yana tambayar abokin aikinshi na jiya don mi ba a cike rajistar awon ciki ba. Shi kuma ya dube shi ya ce, "Ai kai ne mai cikewa." Ƙungiyar ta zo ƙarfafa gini, ta zare ginshiƙi ta yi sandar awo da shi.

Kada a ce ina zargin masu tafiya. Ni ma na tafi. Kuma duk wanda ya san albashin ƙaramin ma'aikaci ba zai ga laifin wanda ya ga ƙofa ya shiga ba. Mafi ƙarancin albashi ya zama naira 30,000 a 2019, ya zama 70,000 a 2024, amma tsakanin nan an cire tallafin mai a Mayun 2023, dala ta tashi daga ƙasa da naira 500 ta haura 1,500. Mai iyali da ke da ɗiya a makaranta da tsofaffi a gida, ka ce mashi ya ƙi aikin da zai ninka mashi samu sau da yawa don kishin ƙasa? Kai za ka ƙi?

ABIN DA NA GANO A CAN

An ba da ni aro a 2013, lokacin da yaƙi da shan inna ya yi zafi. A 2012 Najeriya ta samu yara 122 da cutar ta kama, fiye da rabin na duniya baki ɗaya, kuma Katsina na cikin jihohin da suka fi yawa. A Fabrairun 2013 aka harbe masu rigakafi 9 a Kano. Cikin wannan yanayin muka shiga. Na yi shekara 4 cif na dawo.

Wallahi ba wani sihiri na tarar ba. Mutanen da ke aikin mu ne dai, 'yan Najeriya, yawanci ma 'yan Arewa. Bambancin tsari ne. Kafin a fita rigakafi sai an zauna an zana taswirar kowace mazaɓa da hannu, gari da gari, tunga da tunga, ruga da ruga, an ƙiyasta yara nawa ke ciki, tawaga nawa za ta isa, awa nawa za ta ɗauka. Ana ba tawaga waya mai nuna inda ƙafarta ta taka, saboda haka ba zancen a zauna gindin bishiya a cike takarda. Kullum da yamma sai an yi zaman bita, a ce yau ina aka tsallake, wane gida ya ƙi, wa zai koma gobe, da wa za a koma. Firjin allura ana duba sanyinshi safe da yamma a rubuta. In aka ji labarin yaro ɗan ƙasa da shekara 15 da ƙafa ko hannu ya saki farat ɗaya, sai an je an ɗauki bayan gidanshi sau biyu, tsakaninsu aƙalla awa 24, cikin kwana 14 da fara ciwon, a sa cikin sanyi a kai ɗakin gwaji na Ibadan ko Maiduguri. Naira ɗaya in ka kashe sai ka kawo shaida. In ka yi aiki a faɗa, in ba ka yi ba a faɗa, a gaban kowa.

Wannan tsarin shi ya kai mu ranar 25 ga Agustan 2020, da aka tabbatar Afirka ta rabu da ƙwayar shan inna ta asali. Kuma an taɓa ganin amfanin shi a wani wuri daban. Da Ebola ta shigo Legas a Yulin 2014, mutanen da suka goge a cibiyar yaƙi da shan inna aka ɗebo, Dakta Faisal Shuaib ya jagoranci ɗakin, suka bi duk wanda ya yi hulɗa da mai ciwo gida gida. Ranar 20 ga Oktoban 2014 aka ce Najeriya ta fita, da mutum 20 da suka kamu, 8 suka rasu. Ilimin da aka tara don cuta ɗaya ya ceci ƙasa daga wata. Abin da ake nufi da ribar aro ke nan, in an san yadda za a karɓe ta.

ABIN DA NA TARAR DA NA DAWO

Ba zan kama sunan ofis ko na mutum ba, don ba halin mutum ɗaya ba ne, kuma na ji irin labarin daga bakin abokai a wasu jihohin. Na kai takardar komawa aiki, aka ce a nemo fayil. Fayil ya yi watanni bai fito ba. Albashin can ya tsaya, na nan bai fara ba. Da ya fito, sai aka shiga gardamar matakin da za a aje ni, don waɗanda muka fara aiki rana ɗaya sun wuce. Wani babba ya dube ni yana dariya ya ce, "Malam, ka gama cin daloli ka dawo ka tsare wa yara hanya?" Alhali ko ƙwandalar dala ban taɓa karɓa ba, da naira ake biyanmu.

Duk wannan mai sauƙi ne. Abin da ya fi tsaya mani a rai, babu wanda ya taɓa zaunar da ni ya ce, shekara 4 ɗin nan mi ka koyo? Ba a nemi rahoto ko shafi ɗaya ba. An ba ni tebur da kujera a ɗakin da mutum shida ke zaune, aikin da ke ciki bai kai na mutum biyu ba. In ka kawo shawara a ce, "Nan ba can ba ne." Har suna aka laƙaba mani, wai Bature.

Da na ga zaman ba zai kai ni ko'ina ba, na roƙi a mai da ni ƙauye. Mamaki aka yi, don ba a saba jin wannan roƙon ba, aka sa hannu nan take. A can ne na ga abin da na koyo yana aiki ba tare da kuɗin kowa ba. Kwali da biro muka samu muka zana taswirar garuruwan da ke ƙarƙashinmu. Muka rubuta sunan kowace mai ciki da kowane jariri ta hannun ungozomomin gargajiya da masu unguwanni. Ranar Alhamis mu zauna mu uku mu ce wa bai zo ba, wa zai bi shi. Da hare-hare suka tsananta mutane suka watse, wannan littafin ne ya nuna mana yaran wane gari suka koma wace unguwa, muka bi su da allura har inda suke gudun hijira.

HAƘƘIN WAƊANDA SUKA ZAUNA

Yanzu bari in juya, don adalci. Waɗanda ba su tafi ko'ina ba, in suka yi wa mai dawowa kallon hadarin kaji, suna da dalili.

Ku tuna abin da yankin nan ya gani. A Fabrairun 2020 aka kashe mutum 30 a Tsauwa da Dankar cikin Batsari a dare ɗaya. A Afrilun shekarar aka kashe 47 a ƙauyukan Safana, Dutsin-Ma da Ɗanmusa. A Satumbar 2021 aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13, har da namu biyun, aka yi watanni ko kiran mota ba ka iya yi in mara lafiya ya galabaita. Makarantun firamare sun koma masaukin 'yan gudun hijira. Daga Ruma zuwa Wagini, daga Runka zuwa Zakka da Babban Duhu, kowa na da labarin da ba ya son tunawa.

Cikin wannan halin akwai malamin asibitin da ya ɗinke raunin harsashi da hasken tocila. Akwai ungozomar da ta karɓi haihuwa ana jin ƙarar bindiga a bayan gari. Akwai malamin makarantar da ya tara yara a zaure don ajinshi ya cika da masu gudu. Waɗannan ba su da takardar shaidar halartar bita a otal ɗin Abuja ko Kaduna. Amma sun san abin da babu bitar da ke koyar da shi. To a ce yau wanda ya yi shekarun nan a ofis mai sanyi ya dawo, a ɗora shi a kansu don ya iya kwamfuta da Turanci? Ba za ta saɓu ba, kuma bai kamata ta saɓu ba.

Sannan mu faɗa wa kanmu gaskiya, cikin masu tafiya akwai masu ɓata wa sauran suna. Akwai wanda ya tafi ba tare da takardar saki ba, yana karɓar albashi biyu, yana ɗan yaga wa wani a ofis don a rufe ido, sai ranar tantancewa ka gan shi ya ɓullo da hularshi. Wannan ba aro ba ne, ma'aikacin bogi ne mai rai. Akwai wanda shekara 4 ta zama 10, bai dawo ba bai kuma sauka ba, ya toshe gurbin da wani matashi zai shiga, sai ya ga shekara 35 ta aiki ko 60 ta haihuwa ta matso, sannan ya dawo don fansho da garatuti. Akwai wanda ya dawo amma ya rantse ba zai wuce Katsina ba, iyaka Dutsin-Ma, yana yawo da takardar manya don kada a tura shi yamma. Akwai kuma wanda ya dawo da raini, ba ya buɗe baki sai ya ce "a can wajenmu". Ɗan'uwa, can ba wajenku ba ne. Kayan aro ba ya rufe katara, ga shi kuwa mai kaya ya karɓi abinshi.

DON MI MAGANAR TA ZAMA TA GAGGAWA?

Don buƙatar ta ƙaru a daidai lokacin da masu tallafi ke naɗe tabarma. Ƙungiyar likitoci ta MSF ta ce a wata shida na farkon 2025 yara 652 suka rasu a cibiyoyinta na jihar Katsina sanadiyyar tamowa. Waɗanda suka iso ke nan. Mashaƙo ya dawo tun 2023. Nau'in shan inna da ke yaɗuwa inda rigakafi ya yi ƙaranci har yanzu yana yawo a Arewa maso Yamma. Akwai yaran da aka haifa cikin shekarun gudu, sun kai shekara biyar allura ko ɗaya ba ta taɓa jikinsu ba, allon makaranta kuwa ba su san kalarshi ba.

A gefe guda, sulhun da aka yi a 2025 a Jibia da Batsari da Safana, ko mi mutum ke gani game da shi, kuma ni ma ina da tambayoyina, ya sa wasu sun koma garuruwansu sun yi noma. Mutum in ya koma gida abin da zai fara nema bayan abinci shi ne asibiti da makaranta. Ginin ana iya gyara shi da kwangila cikin wata uku. Ma'aikacin da ya san aiki ba a yin shi da kwangila. Ga su kuwa Allah ya kawo mana su har gida, an horar da su da kuɗin wasu. In muka bar su a benci suna jiran fayil, masu ƙarfin cikinsu za su nemi hanyar Saudiyya ko Ingila, sauran su buɗe kemis a birni. Daga nan an yi asara biyu.

SHAWARATA GA HUKUMA

Ina miƙa wannan ga gwamnatin Malam Dikko Umaru Radda, da shugabannin ƙananan hukumominmu, da 'yan majalisarmu. Babu wadda ke buƙatar tallafin waje a ciki.

1. A buɗe rajista guda ta duk ma'aikacin jiha da na ƙaramar hukuma da ke wajen aro: ina yake, yaushe ya tafi, yaushe wa'adinshi zai cika. Wanda ya wuce wa'adi a ba shi zaɓi, ya dawo ko ya sauka a ba wani.

2. Albashin da gwamnati ta daina biyan wanda ya tafi, a ɗauki matashi da shi na wucin gadi a wannan asibitin ko makarantar, ba a wani wuri ba. Yaranmu da suka gama makarantun kiwon lafiya da Kwalejin Isa Kaita suna nan zaune da takardu, da yawansu aikin sa-kai suke yi kyauta.

3. Kafin a saki mutum ya sa hannu cewa in ya dawo zai yi aƙalla shekara 2 a yankin da ya baro. Ƙauyen da ya yi haƙurin rashinshi shi ya fi cancanta da ribarshi.

4. Wanda ya kawo takardar komawa aiki, a gama da fayil ɗinshi cikin wata ɗaya, albashi ya ci gaba. Jinkirin nan shi ke koya wa mutane tafiya a ɓoye.

5. Duk wanda ya dawo ya rubuta abin da ya koyo, ya kuma koyar da abokan aikinshi a zaman wata-wata. Ba sai an kama otal ba, ɗakin taron sakatariya ya isa.

6. A saka wa waɗanda suka zauna. Shekarun da mutum ya yi a garuruwan bakin daji a lissafa mashi su wajen ƙarin girma da zaɓen masu zuwa ƙaro karatu, a ba shi alawus na haɗari. In za a naɗa shugaba, a auna takardar wanda ya tafi da gumin wanda ya zauna a sikeli ɗaya.

7. Ƙungiyoyin da suka rage, kada su ɗauki ma'aikacin gwamnati sai da takardar saki a rubuce. Kuma in za su ɗauke mutum daga asibitin da ke da ma'aikata biyu, su fara tambaya wa zai riƙe wurin.

Iyayenmu sarakuna ma suna da ta cewa. Sarkin Ruma da Yariman Katsina da dagatansu sun fi kowa sanin wane asibiti ke buɗe, wane ne awaki ke kwana a ciki. In aka tambaye su za su faɗa.

GARE KA, ƊAN'UWA MAI DAWOWA

Sannu da zuwa. Na san abin da ke ranka, albashi ya koma kashi kaɗan na abin da ka saba, yara sun saba da wata makaranta, 'yan uwa sun saba da hannunka. Allah ya buɗa wata ƙofar. Amma ka shigo da sallama. Ka fara da gaida waɗanda ka tarar, ka tambaye su abin da ya faru bayanka kafin ka gaya masu abin da ka gani, don mai ɗaki shi ya san inda ke mashi yoyo. Kada ka jira Hilux da alawus kafin ka nuna abin da ka iya. Rabin abin da aka koya maka kwali da biro ne da cika alkawari.

Ke ma 'yar'uwa ungozoma da kika dawo, matan ƙauyen nan ba su manta hannunki ba. Har yanzu in an yi haihuwa mai wuya sunanki ake ambata.

Ku kuma da kuka zauna, Allah ya saka maku da alheri, ya biya ku abin da gwamnati ba ta biya ba. Ku buɗe masu ƙofa. Abin da suka zo da shi naku ne, da kujerar da kuka riƙe masu aka saye shi.

Wanda ke da labarin irin wannan, ya tafi ko ya zauna, ya faɗa mana a ƙasa, amma don Allah ban da kama suna. Wanda kuma ke da hanyar isar da wannan ga masu iko, ya taimaka ya tura.

Allah ya zaunar mana da Batsari da Safana da jihar Katsina da Najeriya lafiya. Allah ya jiƙan waɗanda muka rasa, ya mai da na gudun hijira gidajensu cikin aminci. Amin.